Zakaran Formula 1 da ya zo na 13 a tseren hamada: gazawa ce ko bajinta?

Ɗan Aboabo ya rubuta:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Ni mai koyon aikin wayar mota ne a Magazin, wato unguwar makanikai da ke Suame a Kumasi ta ƙasar Gana, kuma akwai wata gardama tsakaninmu yaran gareji da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, wadda nake roƙon masana su raba mana ita. Maganar a kan Fernando Alonso ce, direban nan ɗan Sifaniya da ya zama zakaran duniya na Formula 1 a 2005 da 2006 da motar Renault. Tsakanin 2017 da 2020 ya shiga wasu nau'o'in tsere dabam da wanda aka san shi da shi: ya je Indianapolis a Amurka, ya ci tseren awa 24 na Le Mans a Faransa har sau biyu, ya ci na awa 24 na Daytona a 2019, sannan ya shiga tseren Dakar a hamadar Saudiyya a 2020 inda ya ƙare a matsayi na 13.

Wasu daga cikinmu suna cewa duk wanda ya iya motar Formula 1 babu motar da za ta gagare shi, saboda haka zuwa na 13 abin kunya ne ga mai irin sunansa. Wasu kuma suna ganin ko kaiwa ƙarshen tseren da ya yi ma abin a yaba masa ne. Abin da nake son fahimta shi ne, idan direba ya tashi daga wani nau'in tsere ya koma wani, mene ne yake tafiya da shi, kuma mene ne dole ya sake koya daga tushe? Kuma shin akwai direban da ya fi shi taka rawa a fannoni da yawa?

Tsohon Fita na Magazin ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Ka gaya wa abokan aikinka cewa kafin a auna direba sai an fara duba abin da aka zaunar da shi a ciki, domin motocin nan da ka lissafa babu abin da ya haɗa su face taya huɗu da sitiyari.

Motar Formula 1 ana gina ta ne a jikin mutum ɗaya, har kujerar ma da ƙirar bayansa ake zuba ta. Fukafukan da ke gabanta da bayanta suna sa iska ta danne ta a ƙasa, ta yadda iya gudunta iya kama kwaltar da take yi, shi ya sa direbanta yake koyon jinkirta taka birki har sai ya kusa shiga kwana. Tseren kuma yawanci wajen kilomita 305 ne kawai, a kan hanyar da ya riga ya haddace tun kafin ranar.

Indianapolis wata duniya ce dabam. Zagaye ɗaya kilomita huɗu ne, kwana huɗu ne kuma duk na hagu, za a zagaya sau 200, motoci 33 a lokaci guda, ga katanga a gefen dama tana jiran wanda zai kuskure. A ranar neman gurbin da za a tashi daga shi, matsakaicin gudun na gaba-gaba yana kai wa wajen kilomita 370 a awa. Birki kusan ba ya aiki sai lokacin shiga wurin canjin taya da shan mai. Motar da kanta da gangan ake saita ta ta riƙa janyewa hagu, har a miƙaƙƙiyar hanya sai direba ya riƙe sitiyari ya ɗan karkata shi dama kafin ta tafi daidai. Mu a nan idan aka kawo mana mota tana haka, gyara za mu ce tana buƙata, su kuwa haka suke son ta. Bayan wannan, iskar da motar gabanka ta yamutsa tana iya ɗauke maka kamun tayoyin gaba ana tsakiyar kwana, kuma akwai mutum a saman rumfar 'yan kallo da yake gaya wa direba ta rediyo wanda ke gefensa, domin shi ba ya iya ganin komai da kyau a wannan gudun.

A 2017 Alonso ya je wurin nan bai taɓa tsere a irin wannan fili ba, ya samu gurbi na biyar, ya jagoranci zagaye 27, sai injin Honda ya mutu masa saura zagaye 21 a gama. Takuma Sato ɗan Japan ne ya ci ranar. A wurina wannan tseren da bai gama ba shi ne mafi girman shaidar gwanintarsa. Amma ka duba abin da ya biyo baya. A 2019 kamfanin McLaren ya ce zai shirya motar da kansa, shirin ya zo a hargitse, Alonso bai ma samu shiga cikin 33 ɗin ba, wani matashi mai suna Kyle Kaiser daga wata ƙaramar ƙungiya ya ture shi a ranar ƙarshe. A 2020 ya zo na 21. Mutum ɗaya ne a duk shekarun uku, hannunsa bai canja ba, motar da masu shirya ta ne suka canja.

Game da Le Mans kuwa, zan faɗi abin da masoyansa ba sa son ji. Gaskiya ne tseren yana da nasa wahalar: direbobi uku ne suke karɓa-karɓa a mota ɗaya, don haka babu wanda za a saita ta yadda shi kaɗai yake so, ana tuƙi cikin dare, ana ratsa motocin ƙananan rukuni masu tafiya a hankali, ana kuma tattalin mai da taya. Kuma a daren tseren 2018 Alonso, da ke tuƙa motar Toyota, ya yi tuƙin da ya rage tazarar da ɗaya motar Toyota ta ba su, wannan ba wanda zai ƙwace masa. Sai dai Audi ta janye a ƙarshen 2016, Porsche ta bi bayanta a ƙarshen 2017, Toyota ita kaɗai ce babban kamfani da ya rage a rukunin farko. Abokan hamayyarsa na gaskiya su ne mutane ukun da ke cikin ɗaya motar kamfaninsu. A 2019 ma waccan motar ce ke kan gaba har saura kamar awa ɗaya, sai tayarta ta yi faci, na'urar da ke auna iskar taya ta nuna wata taya dabam, makanikai suka canja lafiyayyar suka bar mai facin, dole motar ta sake zagaye guda tana rarrafe a hanya mai tsawon fiye da kilomita 13. Haka nasara ta koma hannun Alonso da Sébastien Buemi da Kazuki Nakajima. Kai da kake aikin waya, wannan labarin naka ne fiye da kowa.

Direban Albasa ya amsa:

Alhaji ya yi bayanin kwalta yadda ya kamata, Allah ya ƙara girma. Ni tirela nake ja tsakanin Nijar da Kumasi, ba na tsere da kowa, amma zan yi magana a kan rairayi, domin a nan ne nake ganin yaran garejin suka yi wa mutumin nan rashin adalci.

Ƙanena, direban Formula 1 ya san hanyarsa kamar yadda direban tasi ya san tsakanin Kejetia da Suame, ya san kowane rami da kowace kwana. A Dakar kuwa bai taɓa ganin hanyar ba, kuma sau da yawa ma babu hanyar. Abin da ake da shi littafin hanya ne mai zane-zane da alƙaluma, wanda mutumin da ke kujerar gefe yake karantawa yana faɗa masa inda zai nufa da inda haɗari yake, kuma a wasu ranakun tseren 2020 sai dab da tashi ake miƙa musu littafin. Mutumin da ya yi kusan shekara ashirin yana yanke wa kansa hukunci a cikin mota shi kaɗai, yanzu an ce ya taka totur a kan maganar wani. Wannan shi ne abu mafi nauyi da ya sake koya, ya fi koyon motar kanta wuya. An haɗa shi da Marc Coma, wanda ya ci Dakar sau biyar, amma duk a kan babur, wato shi ma sabon shiga ne a kujerar mai karanta hanya.

Sai karatun tudun rairayi. Gefen da iska ke bugawa yana da ɗan tauri kuma hawansa a hankali yake, ɗaya gefen kuwa yana iya yankewa tsaye ba tare da ka gani ba sai ka kai ƙololuwa. Idan ka sassauta da wuri ka kafe a sama cikin motar ya zauna a kan rairayi, idan ka wuce da ƙarfi ka tashi sama ka sauka da hanci. Da tsakar rana inuwa takan ɓace, rairayin ya zama fari fat, ido ya kasa bambance tudu da kwari. Ana rage iskar taya domin ta baje, amma tayar da aka rage wa iska ita ce dutse yake saurin yagawa. Babu na'urar kwaikwayon tuƙi da za ta koya wa mutum wannan a cikin watanni.

To ga abin da ya faru. Tseren ya tashi daga Jidda a watan Janairun 2020, zango 12, fiye da kilomita 7,000. A zango na biyu yana tafiya cikin ƙurar wata mota ya daki wani abu, ƙafar gaba ta lalace. A Formula 1 da nan ya sauka ya cire hular kwano ya koma ɗaki. A nan kuwa shi da Coma suka fito da kayan aiki suka durƙusa cikin rana suka gyara da hannunsu, suka yi asarar wajen awa biyu da rabi, kuma wannan asarar ce ta jefa shi baya a lissafin ƙarshe. A zango na takwas ya zo na biyu. A zango na goma ya hau wani tudu da gudu, motar ta wuntsila sau biyu ta faɗi a kan tayoyinta, gilashin gaba ya farfashe, suka cire shi suka ci gaba da tafiya iska da ƙura na dukan fuskarsu. Motar da suke kira Hilux ɗin ma suna ne kawai, ba irin wadda ake kawo muku Magazin ba ce, a Afirka ta Kudu aka ƙera ta da ƙarafan bututu da injin silinda takwas.

Domin a gane nauyin na 13 ɗin, a duba waɗanda tseren daji ne sana'arsu tun farko. Carlos Sainz babba, wanda ya ci tseren na 2020 yana da shekara 57, zakaran duniya ne na tseren daji a 1990 da 1992, amma ya fara Dakar a 2006 bai ci ba sai 2010. Sébastien Loeb ya riƙe kambin duniya shekara tara a jere, daga 2004 zuwa 2012, ya shiga Dakar a 2016, ya zo na biyu a 2017 da 2022 da 2023.

Tambayarka ta ƙarshe kuma, ni nawa gwanin Jacky Ickx ne ɗan Beljiyam. Ya ci tsere takwas a Formula 1, ya zo na biyu a gasar duniya a 1969 da 1970, ya ci Le Mans sau shida, sannan a 1983 ya ci Paris-Dakar da motar Mercedes, a zamanin da tseren yake ratsa Tenere babu na'urar tauraron ɗan'adam mai nuna hanya. Waɗanda suka manyanta a Agadas sun ga wannan zamanin da idonsu, kafin a soke tseren na 2008 saboda matsalar tsaro a Muritaniya, a kwashe shi zuwa Kudancin Amurka, daga baya Saudiyya. Kuma shi ne a Le Mans ta 1969 ya ƙi bin al'adar direbobi su ruga a guje su faɗa mota, ya taka a hankali ya ɗaura bel ɗinsa ya tashi a ƙarshe. A zagayen farko na wannan tseren wani direba, John Woolfe, ya yi haɗari ya mutu. Ickx ya ci tseren da tazarar kimanin mita 120 bayan awa 24, kuma daga shekarar da ta biyo aka daina wannan gudun.

Malama daga Nima ta amsa:

Ina gaida Baba Fita da Malam Direba. Akwai gefe guda da ba a taɓo ba, wato dalilin da ya sa irin wannan yawo ya zama abin mamaki a yau alhali da can shi ne al'ada.

A 1965 tsere 10 ne kacal a gasar Formula 1 ta shekara, kuma kuɗin da direba yake samu bai kai ya zauna jiran su ba, don haka duk ƙarshen mako inda aka kira shi nan yake zuwa. A wannan shekarar Jim Clark ya bar tseren Monako ya tafi Indianapolis ya ci, ya dawo ya kuma ɗauki kambin duniya. Graham Hill ya ci Monako sau biyar, ya ci Indianapolis a 1966, ya ci Le Mans a 1972, kuma shi ne mutumin da ya haɗa waɗannan ukun da ake kira kambi uku, abin da Alonso ya fito fili ya ce yana nema. A 2024 tsere 24 aka yi a Formula 1, ga gwaje-gwaje, ga hidimar masu talla, ga kuma yarjejeniyar da takan hana direba shiga duk wani abu mai haɗari ba da izinin ƙungiyarsa ba.

Tsoron nasu yana da tushe. Clark ya mutu ne a Hockenheim ta Jamus a watan Afrilun 1968 a wani tseren ƙaramin rukuni na Formula 2. Robert Kubica ɗan Folan, wanda ake yi wa kallon zakaran gobe, ya shiga wani ƙaramin tseren daji a Italiya a watan Fabrairun 2011, ƙarfen gefen hanya ya ratsa motar ya kusa raba shi da hannun dama. Bai sake tsere a Formula 1 ba sai 2019. Shi kam na fi ganin girman tarihinsa, domin da wannan hannun ya koma tseren dajin da ya ji masa rauni, daga baya kuma ya ci Le Mans a 2025 da motar Ferrari.

Game da Alonso, ra'ayina shi ne rashin mota ce ta fitar da shi yawo. A lokacin da ya fara, rabonsa da cin tsere a Formula 1 tun na Basalona a 2013, kuma motar McLaren mai injin Honda ba ta iya kai shi ko kusa da gaba. A waɗancan shekarun Monako da Indianapolis sukan faɗo rana ɗaya a ƙarshen watan Mayu, kuma babu ƙungiyar da ke neman kambi da za ta saki direbanta a ranar Monako. An sake shi a 2017 ne domin babu abin da za a rasa, aka kira Jenson Button ya riƙe masa kujerar. Da zarar ƙofa ta sake buɗewa ya koma Formula 1 da Alpine a 2021, sannan Aston Martin a 2023. Wannan bai rage masa komai a idona ba, amma ya kamata a faɗe shi idan ana kwatanta shi da su Hill da Ickx.

Kuma ban ji an ambaci Juan Pablo Montoya ɗan Kolombiya ba, alhali yana da biyu cikin kambi ukun: Indianapolis a 2000 da 2015, Monako a 2003 da motar Williams.

Ɗan Aboabo ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, tunda Malama ta kawo Montoya, ina son jin hukuncinka a kansa. Na ga ya yi shekaru a gasar NASCAR ta Amurka, inda yawancin filayen irin zagayen Indianapolis ne, kuma tunda ya riga ya ci Indianapolis ina zaton can ɗin ya zo masa da sauƙi.

Tsohon Fita na Magazin ya amsa:

Bai zo masa da sauƙi ba ko kaɗan, ɗana, kuma tarihinsa ya fi na kowa amsa tambayarka ta farko. A 2000 ya je Indianapolis karon farko ya jagoranci zagaye 167 cikin 200 ya ci, kamar ba baƙo ba. Ya koma Formula 1 ya ci tsere bakwai. Daga 2007 zuwa 2013 ya yi cikakkun shekaru bakwai a babban rukunin NASCAR, tsere biyu kawai ya ci, Sonoma a 2007 da Watkins Glen a 2010, kuma dukansu filaye ne masu kwanar hagu da dama irin waɗanda ya taso a kai. A filayen zagaye, waɗanda su ne mafi yawa, bai ci ko ɗaya ba.

Dalilin yana cikin motar. Ta NASCAR tana da nauyin wajen tan ɗaya da rabi, kusan ninki biyu na motar Indianapolis, iska ba ta danne ta sosai, tana zamewa a kwana, tayoyinta suna ci da sauri, kuma yanayinta yana canjawa yayin da mai ke raguwa da rana ke sauka. Direba dole ya iya kwatanta wa shugaban makanikai abin da yake ji a jikinsa, a gyara a kowace tsayawa, kuma abokan karawarsa tun suna yara a irin waɗannan motocin suka taso.

Ranar da ya fi kusa ita ce a 2009, a filin Indianapolis ɗin nan dai da ya taɓa ci, amma da motar NASCAR. Ya jagoranci zagaye 116 babu mai iya kama shi, sai a tsayawarsa ta ƙarshe alƙalai suka ce ya wuce ƙa'idar gudu a layin canjin taya. Aka hukunta shi ya sake bi ta layin a hankali, ya ƙare na 11.